Nasiha ga Samari a Kan Tsohon Karen da Idonsa Ya Rufe

Ya ku 'ya'yana da jikokina na ƙasar Arewa, tun daga Dogon Kiriya da Matankari har zuwa Tibiri da Geceme, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana, wadda na san wasu dattawa tsararrakina za su ce ba ta isa a ɓata mata tawada ba, shi ne wani al'amari da na gani da idona a Dogon Dutsi wata rana bayan la'asar, ina komowa daga wajen Tapkin Sau. Na tarar da yara sun fi goma sun yi wa wani ɗan ƙaramin kare ƙawanya suna jifa, suna kururuwar mahaukacin kare, shi kuwa in ya nufi gabas ya yi karo da katanga, in ya juyo yamma ya faɗa kwata, har ya gaji ya tsuguna yana karkarwa yana kai wa iska cizo. Da na tsawata musu na tsaya daga nesa kaɗan na ƙare masa kallo, sai na ga furfura ta cinye bakinsa, idanunsa duka biyu sun yi fari kamar an ɗiga musu nono, ga kuma guntuwar igiya a wuyansa, alamar yana da gida kuma ɓatan hanya ya yi. Kafin magariba wata yarinya ta zo tana kuka tana kiran sunansa, yana jin muryarta ya daina karkarwa ya bi ƙafarta kamar ɗan rago.

Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma a fagen farauta wannan magana gaskiya ce, illa dai mun mai da ita hujjar yasar da na bara. Kare a ƙasarmu ma'aikaci ne tun kaka da kakanni: shi ke bin maharbi cikin dajin Dallol Mawri, shi ke kwana a ƙarƙashin rumbu, shi ke korar awaki daga garka da rani, shi ke faɗa wa makiyayi cewa dila ya zo kusa da garke. Galibinsu ba su kai tsufa, domin in mota ba ta kashe shi a kan babbar hanyar da ta tashi daga Doso zuwa Birnin Ƙonni ba, to, kaska ko guba ko yunwa ba su barinsa. Amma ƙaramin kare, wanda bisa ɗabi'a ya fi babba tsawon rai, in ya sami kulawa yakan kai shekara 14 ko 15, kuma tun da yake yanzu ina ganin samari suna kawo ƙananan karnuka masu gashi daga Yamai da Sakkwato, suna kai su allura suna ciyar da su, lalle da yawa daga cikinku za su wayi gari da tsohon kare a gida, wanda ba ya gani, ba ya farauta, kuma ƙarar faɗuwar ƙwarya ma razana shi take yi.

Kafin in shiga batun jinya, bari in kawar da wata shubuha da na san tana zukatan ɗalibai. A mazhabarmu ta Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, duk abin da ke da rai mai tsarki ne, har yawunsa da guminsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a cikinta malamanmu sun ɗauke shi a matsayin ta'abbudi, wato bin umarni, alhali Shafi'awa suna ganin najasa ce ta sa. Hadisi ya tabbata cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kowace rana, sai fa karen farauta ko na kiwo ko na gona, kuma Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar da dukanmu muka ɗauka a zaure, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya kawo wannan hukunci a ƙarshen littafinsa. Masu sharhi kuma sun hakaito cewa shi kansa, da katangar gidansa ta faɗi a wani zamanin tsoro, kare ya ajiye, da aka tuna masa karhancin Malik sai ya ba da amsa mai ma'anar cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ɗaure a ƙofarsa. To, ga mas'alar da ta shafe mu: karen da aka ajiye don tsaro, in ya makance, ya halatta a kore shi? Ni a fahimtata, kuma na tattauna da waɗanda suka fi ni karatu, dabbar da ka mallaka ciyar da ita wajibi ne a kanka muddin ba ta da inda za ta nemo da kanta, kuma makahon kare ba shi da inda zai nemo. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, laifinta shi ne ta tsare ta ba ci ba sha, mutumin da aka gafarta wa kuwa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a huffinsa, wannan karen bai taɓa yi masa gadin komai ba. Ina ga wanda ya yi maka shekara 10 yana hana idonsa barci domin naka ya rufe?

Abin da na sani game da wannan jinya a hannun wata tsohuwa na koye shi, gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta zauna a wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa, kuma ba ta taɓa riƙe allo ba balle littafin boko. Tana da wani ɗan gajeren kare ja, mai farin ƙirji, wanda ta raɗa wa Barsu, kun dai san yadda matanmu suke sa wa kare suna don kishiya ta ji. An kawo mata shi yana kwikwiyo a 1975, kuma a yunwar 1984, lokacin da maza suka watse cin rani wasu Legas wasu Kwatanu aka bar mata da tsofaffi, shi ne namijin gidan, shi ke kwana a gindin rumbun da ya rage da ɗan abin da ke cikinsa. Wajen 1987 ya fara dundumi, da zarar rana ta faɗi sai ya riƙa tafiya yana ɗaga ƙafa sama kamar mai taka ƙarangiya, kafin shekara ta kewayo ido ya rufe ɗungum.

A hutun ƙarshen shekarar da idon ya rufe na je mata, ni ga sabon malami mai albashi, ina so in nuna ɗa ya girma. Tana gona na tara yara muka yi wa gidan gyara: randar da ke bakin ɗaki na mai da ita inuwar bedi, turmi da taɓarya na jingine su a wani lungu, na datse tsakar gida da sabuwar danga don kada awaki su riƙa shiga madafa, har kaskon karen na ga ya tsufa na jefar na sa masa sabon kwano a wani wuri da na ga ya fi tsafta. Da Barsu ya farka ya nufi inda ya saba shan ruwa, sai ya yi karo da danga. Ya juya ya nufi ɗaki, ya yi tuntuɓe da turmi. Kafin la'asar karen da aka ce yana zagaya gidan nan kamar mai ido ya shige ƙarƙashin rumbu yana haki, ya ƙi fitowa. Tausayi ya kama ni, na lallaɓa ta bayansa ba tare da na yi magana ba na kai hannu zan ɗauko shi, ya juyo ya kafa mini haƙori a yatsa. Nan take maganar ta fita, maƙwabta suka fito da sanduna.

Gwaggo ta iso da kwashe a kafaɗa, ta dubi sandunan, ta dubi tsakar gidanta, sannan ta dube ni.

"Kai ɗan nan, wa ya ce ka taɓa mini randa?"

Na ce, "Gwaggo, gyara na yi miki."

Ta ce, "Gyara? Ka tone mishi idanu na biyu ka ce gyara. In ka iske makaho kwance, haka kake cafkar shi ba sallama?"

Ta sa aka mai da kome inda yake, har tsohon kaskon sai da aka tono shi a juji, ta tsuguna a bakin rumbu tana kiransa da ƙaramar murya kusan rabin sa'a kafin ya fito. Amma ba ta yi wasa da cizon ba, ita ta tsaya a kaina na wanke yatsan da ruwa da sabulu, washegari ta tura ni likita, karen kuma aka tsare shi a gida kwana 10 ana duba shi, kamar yadda wani ma'aikacin dabbobi da yakan zo ranar kasuwa ya umarta.

Wannan ma'aikaci shi ya fara bayyana mini abin da daga baya na ƙara karantawa. Farin da kuke gani a idon tsohon kare iri biyu ne. Akwai wani hazo-hazo mai ɗan shuɗi da yakan bayyana a ƙwayar idon yawancin karnuka in sun wuce shekara 7 ko 8, wannan taurin tsufa ne kawai, kuma kare yana gani ta cikinsa. Akwai kuma yana ta haƙiƙa, fara sol, wadda ke toshe haske. In kuna so ku gane, ku tsaya gabansa ku saki ɗan guntun auduga ya faɗo, domin auduga ba ta ƙara ba ta motsa iska, in ya bi ta da ido to da sauran gani. Yanar ita kanta galibi ba ta zafi. Wanda ke zafi shi ne idon da ya yi ja ya kumbura, kare yana runtse shi yana goga shi da ƙasa yana ƙin abinci, wannan yakan zama ruwan cikin ido ne ya taru ya matse jijiya, kuma ba ya jiran ranar kasuwa. Haka kuma in yana ta rufe ido cikin 'yan makonni, kare yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana yawan fitsari yana ramewa, to a tuhumi ciwon suga. A Faransa da Amurka likitocin dabbobi suna cire wa kare yana da na'ura kamar yadda ake yi wa mutum, da kuɗin da zai sayi shanun huɗa. Mu nan abin da ke hannunmu shi ne mu sauƙaƙa masa zaman duhu, kuma wannan, alhamdu lillahi, ba ya cin ko dala.

Hikimar Ubangiji ce cewa kare, ko yana da ido, da hanci ya fi karanta duniya, domin masana sun ƙiyasta ƙwayoyin shaƙar wari a hancinsa sun haura miliyan 200, na ɗan Adam kuwa ba su wuce miliyan 5 ko 6 ba, jinsa kuma yana kama sautin da kunnenmu ba ya kaiwa gare shi. Saboda haka idan ido ya tafi a hankali, sai ya hardace gidan kamar yadda almajiri ke hardace allonsa: taku kaza daga makwanci zuwa kasko, nan ƙamshin madafa yake, nan rairayi ya ƙare daɓe ya fara, nan akurkin kaji. Wanda ya kawar da turmi daga mazauninsa ya goge masa aya ne a tsakiyar sura. Wannan shi ne asalin jinyar duka, sauran rassa ne: kaskonsa da ruwansa da makwancinsa su tabbata wuri guda, in kuwa dole ta sa an canja wani abu, to a ɗaura masa gajeruwar igiya a zaga da shi sabon wurin sau da yawa har ya riƙe. Ƙaramin kare yana da wata musiba da babba ba shi da ita, ita ce kowa na iya sungumarsa. Yaro ya ɗauke shi daga zaure ya dire shi a bayan ɗaki, shi ke nan lissafinsa ya warware, bai san gabas ba bai san yamma ba. In kun ɗauke shi don wata lalura, ku dire shi a gaban kaskonsa, daga nan zai kama bakin zaren. Kada kuma a aske masa gashin baki don ado, da shi yake jin katanga kafin ya buge ta.

Wuraren halaka ku kuka san su fiye da ni. A cikin Dallol ruwa kusa yake, kowace garka da 'yar rijiyarta marar murfi, ga murhu da garwashin da aka rufe da toka, ga ramin da aka haƙa don kwaɓa ƙasa ruwan damina ya cika shi, ga amalanke da kabu-kabu a ƙofar gida. Makahon kare ba ya fita shi kaɗai.

Na taɓa karanta cewa a ƙasar Jamus, a garin Oldenburg, a 1916, aka buɗe makarantar horar da karnuka su zama 'yan jagoran sojojin da yaƙi ya makantar, kuma har yau a Turai kare ke ja wa makaho gora. Gwaggo ita ta juya lamarin, ita ce ta zama 'yar jagoran kare. Kullum da hantsi da kuma bayan la'asar takan kama igiyarsa su bi hanya guda, daga ƙofar gida zuwa gindin wani gawo su dawo, ba ta jansa, in ya tsaya shinshina ta tsaya, domin ta ce labarin gari yake ji. Kalmominta uku ne ba ta canja su: "tsaya" in akwai abu a gabansa, "hau" in sun zo dokin ƙofa, "sannu" in baƙo zai matso. Ta kuma kafa doka a gidan cewa ba mai taɓa shi sai ya yi gyaran murya ya kira sunansa, sannan ya miƙa masa bayan hannu ya shinshina, kuma ba a tashinsa daga barci da hannu, sai dai a buga ƙafa a ƙasa kusa da shi.

Firgitar ita ce ta fi makantar wahalar da mai jinya, kuma a nan ne na ga samari da yawa haƙurinsu ya ƙare. Kare mai ido in ya ji tsawa ko harbin bindigar maharba ranar biki yakan duba ya ga babu abin da ke tahowa, makaho kuwa ƙarar yake ji ba tare da ya san inda ta fito ba, sai ka ga yana haki ba zafi ba, yana karkarwa, yana bin ƙafar mai shi duk inda ya nufa, in an bar shi shi kaɗai ya yi ta kuka. Maganinsa na farko shi ne mafaka ƙarama mai rufi da ya san ta, kamar ƙarƙashin rumbu ko lungun zaure, a shimfiɗa masa buhu da wani tsohon zane ko riga mai ɗauke da warin jikin mai shi, kuma in hadari ya haɗo a kai shi can tun kafin tsawa ta fara, kada a bar shi ɗaure a fili. Na biyu shi ne lokaci: ci da fita da kwanciya su zama kamar lokutan salla, ba su gaba ba su baya, domin wanda ba ya ganin rana da abin da aka saba yi masa yake gane inda yini ya kai. Tsawa da duka kuwa ƙara wutar suke yi, hatta yawan rarrashi da kururuwar tausayi yakan sa ya zaci lalle akwai abin tsoro. Muryar da ya saba ji, a natse, ta ishe shi. Wasu tsofaffin karnuka kuma ruɗewar tsufa takan same su kamar yadda take samun mutane, su yini barci su kwana yawo, su shiga lungu su kasa juyowa, su yi fitsari inda ba su taɓa yi ba. Barsu ya yi wannan a shekararsa ta ƙarshe, Gwaggo kuwa abin da ta yi shi ne ta riƙa tashinsa da rana tana fita da shi ya sha hantsi, ta ba shi abinci bayan isha'i, da asuba kuma ta share wurin ba tare da ta ce uffan ba.

Haƙoransa sun zube, don haka ƙanzo take jiƙa masa da romo ko ɗan nono, ƙashi mai tauri kuwa ta hana. A nan zan ja kunnenku da ƙarfi a kan abin da ita ba ta fuskanta ba ku kuke fuskanta, wato magungunan da ake tallarsu a faranti da bayan keke. Ƙwayoyin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su kashe masa ƙoda, paracetamol ma yana taɓa hantarsa, kuma ƙaramin kare ƙwaya ɗaya tana iya yi masa yawa. Tramol da maganin barci kuwa, wanda ya ba shi don ya daina kukan dare ya ɗauki alhaki. Albasa mai yawa, ɗanya ko dafaffiya, tana lalata masa jini, goro da ganyen shayi suna hargitsa masa zuciya. Kada a sa masa kwalli ko ruwan wani ganye a ido, kada a kai shi wajen masu kwantar da yana da tsinke, kada kuma a yi masa wanka da maganin ƙwarin gona don kaska, a cire ta da hannu a nemi na dabbobi a wurin ma'aikatan kiwo.

Kada wani ya fahimce ni a karkace ya ce malam ya ce babu mahaukacin kare. Akwai shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma in alamunta suka bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai ya tashi, duk da cewa rigakafinta yana nan tun da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a 1885 ya tsira. Makanta da firgitar tsufa a hankali suke zuwa, wata da watanni, kuma karen yana ci yana sha yana gane muryar mai shi. Hauka kuwa cikin kwanaki take juya halinsa, ya kasa haɗiya, dalala ta riƙa zuba, muryarsa ta canja, ƙafafu su shanye. Duk wanda kare ya ciza, ko na gida ne ko makaho ne, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 ya tafi likita a ranar. Tsufa kuma ba ya ɗauke wa kare allurar rigakafi, hasali ma makaho ya fi bukatarta, tun da shi ne ya fi saurin kai baki, kuma takardar allurar nan ita ce shaidar da za ta tsaya masa ranar da maƙwabta suka fito da sanduna.

Wani ɗalibina ya taɓa tambayata ko ba zai fi zama rahama a hutar da irin wannan kare ba. Malaman Malikiyya sun yi maganar dabbar da ba a cin namanta in an fid da rai da ita, sun sauƙaƙa a hutar da ita daga azaba, amma wannan hukuncin wadda ciwo ya ci ƙarfinta ne, ba ta ci ba ta tashi, kuma likitan dabbobi ne zai faɗa, ba gajiyar mai jinya ba. Barsu shekara biyu ya yi a cikin duhu yana kaɗa wutsiya in ya ji dakan fura, kuma har watansa na ƙarshe in baƙuwar ƙafa ta taka zaure cikin dare shi ke fara sanar da gida, ko da yake sau da yawa bango yake fuskanta yana haushin.

Ya mutu cikin ɗarin farkon 1990, da asuba, a kan tsohon zanen nan. Ina nan a lokacin, ni na haƙa masa rami a bayan danga, mai zurfi don kada dila ya tone, Gwaggo tana tsaye daga nesa da carbinta. Da na dawo na sunkuya zan ɗauke kaskon in kai juji, sai ta ce, "Bar shi nan, ɗan nan, kaji na shan ruwa ciki." Da na koma hutun damina na same shi a wurin, randar ma tana bakin ɗaki.